Iya Ruwa Fid da Kai: Nasiha ga Yaron da Ke Ganin Ya Makara a Ninƙaya

Ɗana, 'yata, akwai tambayar da nake yawan ji daga bakin sa'anninku, wani lokaci ma iyaye ne suke yin ta a madadinku. Yaro ya kai shekara 11, ko 13, ko 15, bai taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugunsa ba, yanzu kuma ya ga ana gasar ninƙaya a talabijin ko a makaranta, ransa ya biya. Anya bai makara ba? Ƙungiya za ta karɓe shi kuwa? Amsata kullum ɗaya ce: ba ka makara ba, ƙofa a buɗe take. Sai dai akwai hanyar da ake bi a shiga. Yawancin yaran da na ga sun juya da baya, wasu 'yan kurakurai ne suka kore su, waɗanda ake ta maimaitawa shekara da shekaru, da kuwa an faɗa musu tun da wuri da sun kauce. Su nake so in jera maka tun kafin ka jiƙa ƙafarka.

Za ka ji masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya suka faɗa, ba zan ɓoye maka ba. Mafi yawan gwanayen da kake gani a gasar Olamfik tun suna ƙanana aka sa su a ruwa. Michael Phelps na Amurka, wanda ya tara lambobin zinare 23, yana ɗan shekara 7 ya fara, yana da 15 kuma ya riga ya taka Olamfik. Wanda ya riga ka kwana, dole ya riga ka tashi. Amma Bahaushen da ya yi maganar icce, shi ne kuma ya ce gemu ba ya hana ilimi. Rowdy Gaines, shi ma Ba'amurke, ya iya iyo tun yana ƙarami a tafkunan garinsu, amma sai da ya kai shekara 17 ya shiga ƙungiyar ninƙaya ta makarantarsu, bayan ya gwada wasu wasannin bai samu shiga ba. A Olamfik ɗin 1984 da aka yi a Los Anjelas ya ɗauki zinare 3. Penny Oleksiak ta Kanada kuwa tana da shekara 9 ta soma, kuma ƙungiyoyi da dama a birnin Toronto sun ƙi karɓarta domin da ƙyar take kai ƙarshen kwamin ninƙaya. Wani koci ya yarda ya ɗauke ta. Tana da shekara 16 ta ci zinare a tseren mita 100 a birnin Riyo, a 2016.

Ban kawo maka waɗannan sunaye don in yi maka alkawarin zinare ba. Irinsu kaɗan ne a duniya, kuma ko cikin waɗanda suka fara tun suna ƙanana, ɗaiɗaiku ne suke kai wa can. Na kawo su ne don ka san cewa koci mai hankali, in ka je gabansa, abin da zai fara dubawa shi ne me kake iya yi a cikin ruwa, da kuma yadda kake karɓar gyara. Takardar haihuwarka daga baya za a nema, lokacin da za a rubuta sunanka a gasa.

Kai da ka taso ka yi wayo, kana da abubuwan da ɗan shekara 6 ba shi da su. Kana da kunne: in aka ce ka sunkuyar da kai, ka miƙe hannu, ka juya kafaɗa, za ka gane a zama ɗaya, ka koma gida kana tunanin abin. Kana da ƙarfin gaɓoɓi da tsawon hannu. Abin da ya fi duka, kai ne ka nemi abin da kanka, ba wanda ya ja ka. Na ga yaran da aka sa a gasa tun suna ƙanana, kafin su kai shekara 14 sun gundura da warin ruwan kwami da tashin asuba, sun ajiye. A daidai lokacin da su suke fita, kai kake shigowa da ƙishirwarka. Abin da za ka rasa shi ne sabo. Idon sawunka ya fi na ƙaramin yaro tauri, don haka bugun ƙafarka zai daɗe bai tura ka gaba ba. Ka kuma san abin da ake kira mutuwa, don haka tsoron ruwa ya fi kama ka. Duk biyun suna da magani, maganin kuwa shi ne yawan shiga ruwa a gaban mai koyarwa.

Kuskuren farko da na fi gani shi ne haɗa koyon iyo da shiga ƙungiya, kamar abu ɗaya ne. Ƙungiya wurin atisaye ne ga wanda ya riga ya iya riƙe kansa a ruwa. Koci yana tsaye a bakin kwami da agogo, yana lura da yara 20 ko fiye, ba zai shiga ruwa ya tallafi cikinka ba. Don haka matakin farko shi ne darasi, a wuri marar zurfi, da malami a kusa da kai. Can za ka koyi sa fuska a ruwa, da kwanciya a rigingine ruwa ya ɗauke ka, da tsayuwa a wuri mai zurfi kana motsa hannu da ƙafa ba ka taɓa ƙasa ba. Daga nan sai salo biyu na farko: na rub da ciki, wanda ake jifa da hannu ɗaya bayan ɗaya, da na rigingine. Ƙungiyoyi da yawa, a nan gida da ƙasashen waje, gwajin da suke yi wa sabon shiga bai wuce wannan ba: ya ratsa tsawon ƙaramin kwami, wato mita 25, da kowane ɗaya daga salon nan biyu, bai tsaya ba, bai kama bango ba. Salon kwaɗo da na malam-buɗe-littafi, sau da yawa a cikin ƙungiyar ake koyar da su. In ka dage da darasi sau biyu ko uku a mako, a cikin 'yan watanni za ka iya kai wannan matsayi. Wanda ya tsallake darasi ya tafi gwaji kai tsaye, yakan sha ruwa a gaban mutane, ya fito da kunya, ya ce ninƙaya ba tasa ba ce, alhali lokacin gwajin ne bai yi ba.

Bari in nuna maka inda sabon shiga yake shan wahala, don in ya same ka kada ka ɗauka kai kaɗai ne. Ka lura da yaro a makonsa na farko. Ya cika ƙirji da iska, ya dunƙule baki, ya sa fuska a ruwa yana riƙe da numfashi. Bayan jifan hannu uku ko huɗu ƙirjinsa ya ɗau zafi, sai ya ɗaga kai gaba ɗaya sama yana son ya fitar da tsohuwar iska ya shaƙi sabuwa a lokaci guda. Da kai ya ɗagu, ƙugu da ƙafafu sai su nutse, ya koma kamar a tsaye, ruwa ya shiga hanci, ya kama igiya yana tari. Zai ce maka ba shi da ƙarfi. Ƙarfinsa lafiya lau, numfashin ne bai daidaita ba. Gwani yana fitar da iska a hankali ta hanci da baki tun fuskarsa tana cikin ruwa, kana ganin kumfa tana tashi ta gefen kunnensa. In lokacin shaƙa ya yi, sai ya mirgina jiki kaɗan, kunne ɗaya yana cikin ruwa, ya buɗe baki a gefe ya ɗauki iska ya koma. Ranar da wannan ya zauna maka, mita 25 da kake gani kamar tafiyar yini za ta zama wasa. Saboda haka in malami ya tsayar da kai a bakin bango yana sa ka hura kumfa, ka yi da zuciya ɗaya, a kan wannan aka gina sauran.

Kuskure na biyu ya fi na farko cin mutane, shi ne kunya. A wurin atisaye, gwargwadon iyawa ake raba yara a layuka, don haka kana da shekara 13 za a iya sa ka layi ɗaya da 'yan shekara 8, su kuma riƙa wuce ka. Abokanka na unguwa in sun leƙo za su yi dariya. Ka tuna babban yaron da aka kai makarantar allo a makare. Dole ya zauna cikin ƙanana yana bitar babbaƙu da farfaru, gwiwarsa ta fi ta kowa tsawo a kan buzu. In ya jure, hankalinsa zai sa ya haye su cikin ɗan lokaci, ya tarar da tsararrakinsa. In ya ce shi ya fi ƙarfin zama da yara, haka zai tsufa bai iya haɗa baƙi ba. Girman kai rawanin tsiya ne, ɗana. Yaran nan ƙanana ma ba ruwansu da shekarunka, kuma koci mai lura yakan gaggauta matsar da babban yaro zuwa layin sa'anninsa da zarar jikinsa ya iya ɗaukar aikin. Watannin farko ne masu ɗaci, su kuwa ba sa dawwama.

Akwai kuma ɗana na bakin gulbi, wanda zai ce shi ai tun yana ƙarami yake ratsa ruwa. Ban raina iyawarka ba. Ƙasar nan tana da gwanayen ruwa tun kafin a gina kwami ko ɗaya. Wanda ya taɓa ganin wasannin kabanci a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro tun 1934, ya ga yadda Kabawa suke tseren iyo da nutso da kamun agwagwar ruwa da hannu, ya san muna da jari. Kai ka riga ka wuce matakin tsoro, wannan kuwa rabin aiki ne. Amma iyon rafi da kai a sama, da ninƙayar gasa, kowanne da ƙa'idarsa. A gasa akwai yadda ake faɗawa daga kan dakali, da yadda ake juyawa a bango, da yadda ake taɓawa a ƙarshe. A salon kwaɗo da na malam-buɗe-littafi, in ba ka taɓa bango da hannu biyu lokaci guda ba, an soke tserenka ko da kai ka zo na ɗaya. Gyaran abin da jiki ya saba da shi ya fi koyon sabo wuya, don haka kai ma sai ka sauke kai ka karɓi gyara. Jihohi irin su Delta da Bayelsa da suka yi fice a ninƙaya a gasar wasanni ta ƙasa, 'ya'yan bakin ruwa suke ɗaukowa su sa su hannun koci. Yaran Yawuri da na bakin Tafkin Chadi da na gaɓar kogin Kwara a Nijar, da za su samu irin wannan kulawa, babu abin da zai hana su.

Yanzu ga gargaɗin da na fi so ka riƙe, ko da ka manta sauran. Kada zumuɗin cin gwaji ya kai ka koyon iyo a kududdufi, ko ramin da aka haƙi ƙasa, ko bakin dam, kai da abokanka. Duk damina sai mun ji jami'an kashe gobara sun ciro gawar yaro ko saurayi daga irin waɗannan wurare a Kano da sauran garuruwanmu. Ƙasan kududdufi ba a daidaice yake ba, taku ɗaya ruwa na gwiwa, taku na biyu ya shanye kai, ga laka mai riƙe ƙafa. Kuma nutsewa ba ta zuwa da ihu. Wanda ruwa yake ci, bakinsa yana nutsewa yana fitowa, ba shi da iskar da zai yi kira da ita, hannuwansa suna danna ruwa a gefe kamar mai wasa. Abokansa suna kusa da shi suna dariya, kafin su farga ya ɓace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021 kaɗai, kuma yara da matasa ne suka fi yawa a ciki. Bayan haka ga tsargiya, wadda tsutsarta ke fitowa daga jikin katantanwar ruwan kwance ta huda fata, bayan wani lokaci yaro ya fara fitsarin jini. In ka taɓa ganin wannan a jikinka, ka faɗa wa iyayenka a je asibiti, akwai magani. Ruwan kwamin da ake tacewa ana zuba masa sinadari ba ya ɗauke da ita.

Ko bayan ka iya, akwai abu uku da ban yarda ka yi ba. Kada ka shiga ruwa kai kaɗai, komai gwanintarka. Kada ka shiga gasar wa ya fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa, musamman irin wadda ake ta jan numfashi da sauri kafin a nutsa. Yin hakan yana kashe ƙararrawar da ke gaya wa jiki ya nemi iska, sai mutum ya suma a ƙasan ruwa ba tare da ya ji alamar komai ba, kuma gwanaye wannan ya fi kashewa. Na uku, in ka ga wani yana nutsewa, kada ka faɗa ka rungume shi. Mai nutsewa yakan danne duk abin da ya kama, shi ya sa ake yawan ciro gawa biyu a wuri ɗaya. Ka yi kururuwa, ka miƙa masa gora ko igiya kana kwance a gaɓa, ko ka jefa masa jarka marar komai a rufe. In kuma tafiya ta kama ka a kwale-kwale, ka nemi rigar kariya, ka ƙi shiga wanda aka yi wa lodi fiye da kima. Ba mu manta da ƙarshen Nuwamban 2021 ba, lokacin da jirgin ruwa ya kife a Bagwai ta jihar Kano, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya a kan hanyar zuwa Mauludi. Allah ya jiƙansu. Hausawa suka ce iya ruwa fid da kai, wannan kuwa ya fi kowace lambar yabo.

In lokacin neman ƙungiya ya yi, kada ka je kai kaɗai, ka tafi da mahaifinka ko mahaifiyarka ko yayanka. Matambayi ba ya ɓata. Ku tambaya ko suna da rukunin sababbin shiga, ko sun taɓa karɓar yaro mai shekarunka, sau nawa ake atisaye a mako, nawa ake biya, kuma wa yake tsaron rai a bakin ruwa. Ku zauna ku kalli atisaye ɗaya. Ka duba ruwan, in ba ka iya hango layin da ke ƙasan kwami, ba wurin shiga ba ne. Ka duba kocin, yana kiran yaran baya da sunansu yana gyara musu, ko kuwa idonsa yana kan gwanaye kaɗai? Mai zagi da wulaƙanci ba zai fitar da kai ba. Wurin kirki kuma ba ya hana iyaye kallo, ba ya barin babba ya keɓe da yaro. In wata ƙungiya ta ce ba ta da gurbinka, ka tambaye su me ya rage maka, ka je ka gyara, ka dawo ko ka gwada wata. A garuruwanmu akan samu masu koyarwa a kwamin filin wasa, da na jami'o'i, da na wasu makarantu da otal-otal. Kai kuma da iyayenka suke zaune a Amurka, ka sani ƙungiyoyin unguwa na lokacin hutun bazara da na makarantun sakandare sun fi sauƙin shiga ga sabon hannu, daga nan ake wucewa zuwa ƙungiyar da ke aiki duk shekara. Kayan farawa ba su da yawa: kayan wanka, da tabarau na ruwa, da hula, da tawul.

Kada ka ɓoye wa koci lalurar da kake da ita. Mai asma yana ninƙaya, har akwai zakarun duniya masu ita, amma maganin shaƙarsa ya kasance a bakin kwami. Mai farfaɗiya sai da izinin likita da kuma mutum na musamman da zai sa masa ido. Mai sikila ya sani ruwan sanyi da gajiya mai tsanani suna iya tayar masa da ciwo, don haka likita ne zai faɗa masa iyakarsa. Faɗin gaskiya a nan ba ya rage maka daraja, rigakafi ya fi magani.

Bayan an karɓe ka, sai wani sabon jarabi ya taso, wato son ka rama shekarun da suka wuce a cikin wata ɗaya. Za ka ga sa'anninka suna zuwa sau shida a mako, ka ce kai ma sai ka yi. Sauri ya haifi nawa. Kafaɗar da ba ta saba ba, in aka ɗora mata dubban jifan hannu da salon da bai gyaru ba, ciwo take kamawa, ciwon kafaɗa kuwa shi ne ya fi addabar masu ninƙaya. Ka fara da sau uku a mako, ka riƙe shi ba fashi, koci zai ƙara maka in ya ga jiki ya karɓa. Ka fifita kyan salo a kan gudu, domin ruwa ya fi iska nauyi sau ɗaruruwa, wanda ya yi kokawa da shi gajiya zai yi, wanda ya miƙe jiki ya sulale shi ke wucewa. In ka ji zafi mai suka a gaɓa, ka faɗa, kada ka daure. Ka sha ruwa ko da kana cikin ruwa, don ana gumi a can ma. Ka ci abinci, ka yi barci da wuri. Lokacin azumi ka yi shawara da koci a rage aiki ko a mayar da shi bayan buɗa-baki. Kada atisaye ya ci sallarka ko karatunka, domin ranar da sakamakon jarrabawa ya faɗi, ninƙaya za a fara ɗora wa laifi a gida, kai ne kuma za ka yi asara.

Ranar gasarka ta farko ma in shirya ka. A gasa da shekaru ake raba mutane, galibi 'yan 11 da 12 tare, 'yan 13 da 14 tare, haka har sama. Ma'ana sunanka zai fito a jeri ɗaya da waɗanda suka shekara bakwai suna yi. Mai yiwuwa ka zo na ƙarshe, mai yiwuwa alƙali ya ɗaga hannu ya soke ka saboda kuskuren juyi. Wannan ba abin kuka ba ne. A Olamfik ɗin Sidni ta 2000, mutum uku aka jera a wani zagayen share fage na mita 100. Biyu daga ciki, Karim Bare na Nijar da wani ɗan Tajikistan, suka faɗa ruwa kafin a ba da izini, aka fitar da su. Saura Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini, saurayi ɗan shekara 22 wanda bai fi wata takwas da fara atisaye ba, a ƙaramin kwamin wani otal a Malabo, bai kuma taɓa ganin kwami mai mita 50 ba sai da ya je can. Shi kaɗai ya yi tseren. A mitocin ƙarshe hannuwansa sun mutu, kamar ba zai kai ba, jama'a suka miƙe suna ƙarfafa masa gwiwa har ya taɓa bango a minti 1 da daƙiƙa 52, fiye da ninki biyu na lokacin wanda ya ci zinare. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya. Ya koma ya ci gaba da aiki har ya sauko da lokacinsa ƙasa da minti ɗaya, a 2012 kuma aka naɗa shi kocin ƙasarsa. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta lokacinka na kowane tsere. Abokin karawarka na gaskiya shi ne lokacin da ka yi a watan jiya, kuma sabon shiga ya fi kowa jin daɗin wannan, don shi yake zubar da daƙiƙoƙi da yawa a lokacin da gwanaye suke fama da rabin daƙiƙa. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

'Yata, duk abin da na faɗa har da ke. Ambaliya da kifewar jirgi ba sa tambayar mace ko namiji, kuma sau da yawa mata da ƙananan yara ne suka fi yawa a cikin waɗanda ake rasawa, domin ba a koya musu ba. Na san abin da ke tsaya miki: sutura, da idon maza, da sauyin da jiki yake yi a waɗannan shekaru. Damuwarki daidai ce, kuma tana da mafita. Yanzu ana ɗinka kayan ninƙaya masu rufe jiki daga kai har idon sawu, da yadin da ba ya shan ruwa. Kada dai ki shiga da zane ko doguwar rigar auduga, nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Ki nemi wurin da ke da malama mace ko ranar da aka keɓe wa mata. In babu, ku haɗu ku da yawa, iyayenku mata su je su nema, mai kwami ba ya ƙin jama'a. Ki zauna da mahaifinki cikin ladabi ki yi masa bayani, kada ki je a ɓoye. Ki tuna masa cewa malamai suna kawo wasiyyar da ake dangantawa ga Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ta a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Uban da ya ga tsari da kamun kai, da wuya ya hana.

Daga ƙarshe, kada ka auna ribar wannan abu da lambar yabo kaɗai. In gasar matasa ta ƙasa, wadda ake yi wa 'yan ƙasa da shekara 15, ta wuce ka, akwai gasar jami'o'i a gabanka, akwai ta jihohi, har ma akwai gasar manya ta duniya da ake fara shiga daga shekara 25, inda tsofaffi masu furfura suke tsere. Akwai aikin ceton rai a bakin ruwa, da koyarwa, da aikin sojan ruwa. Wanda ya koya da girmansa kuma yakan fi iya koyar da wasu, don bai manta yadda tsoro yake ba. Garuruwanmu suna bukatar irinka, mai iya tara yaran unguwa ya koya musu yadda za su fid da kansu. Saboda haka ka yi wa iyayenka magana a wannan makon, ku nemi malami, ka fara daga wuri marar zurfi, ka yi haƙuri da layin ƙanana. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya tsare ku a tudu da ruwa, ya yi muku albarka.